Sandar Amm Shehata

Takardar gayyatar ta iso ranar Talata, cikin ambulan mai kauri, an rubuta sunan Kyaftin Zaglul da ruwan zinariya. Shi Kyaftin ba ya iya karatu sai da tabarau, tabaran kuwa kullum sai an tayar da gida kafin a gan shi. Don haka matarsa Itimad ce ta bar tsintar shinkafa, ta goge hannu a gefen riga, ta karanta masa.

Kulob ɗin Auduga na Minal Basal, a birnin Iskandariyya, zai rushe tsohon zauren tanis ɗinsa, ya gina kejin gilashi guda huɗu na wani sabon wasa da 'ya'yan masu hali suka haukace a kai. Kafin rusau za a yi bikin bankwana ranar Asabar, sha tara ga Janairu. Za a miƙa Kofin Hunturu ga Dakta Medhat, uban kulob, ya ajiye a gidansa don tunawa. Za a kuma buɗe allon marmara da za a kafa a bangon sabon wuri. A bayan takardar aka buga abin da ke jikin allon: sunayen zakaru shekara bi shekara, sannan layi guda a ƙasa.

Itimad ta karanta layin a zuci, ta sake karantawa, sannan ta karanta da ƙarfi. "An daina gasar a shekarar 1979, bayan da ruwan sama ya lalata katakon zauren saboda sakacin mai kula da shi, Shehata Abdul Maugud."

Shehata Abdul Maugud mahaifinta ne.

"Ka ji?" ta ce wa mijinta. "Abu Wa'il, ka ji ko in ƙara?"

"Na ji."

"A marmara! Ƙaryar da suka yi da baki ba ta ishe su ba, yanzu dutse za su ba ta. Mu mutu, jikokinmu su mutu, ita tana nan manne a bango, yara masu gajeren wando suna karantawa suna shan lemo."

Zaglul ya juya kofin shayinsa a kan faranti. Mutum ne wanda a zamaninsa in ya buga ƙwallo sai ta yi ƙara kamar an mari ƙofa, amma a gida sai ka yi rantsuwa ba a taɓa koya masa ɗaga murya ba. "Shekara arba'in ke nan, Itimad. Baba yana gaban Ubangijinsa. Allah Ya san gaskiya."

"Allah Ya sani, ai ban yi musu ba. Mutanen Iskandariyya nake so su sani."

Zauren da ake magana, asalinsa sito ne na auduga. A shekarar 1931 dillalan auduga suka gaji da zaman banza duk lokacin sanyi, filayen waje sun zama caɓi, sai suka kwashe dilolin, suka shimfiɗa katako mai tsada, suka ɗaura raga, suka sayo kofin azurfa mai kunnuwa biyu. Suka kafa doka guda: wanda ya ci sau uku a jere, kofi ya zama nasa har abada. Yorgo Bagirke ya ci biyu, a ta ukun ya gurɗe. Wani Ba'italiye mai kantin agogo ya ci biyu, yaƙi ya zo aka tsare shi. Da baƙin suka watse sai hafsoshi da likitoci da 'ya'yansu suka gaji wurin, su ma suka yi ta karɓa-karɓa, kofi dai yana nan cikin kabad.

Duk wannan zamanin, mai riƙon zauren shi ne Amm Shehata, ɗan masunta daga unguwar Bahari. Bai san ko alif ba, amma ya san katakon nan kamar tafin hannunsa. A can ƙarƙashin rufi akwai tagogi goma sha biyu, ana kai musu ta wata siririyar baranda. Buɗewa ba wuya, igiya ce a ja. Rufewa ce aiki: sai an sa ƙugiya cikin zoben kowace taga, a jawo ta har sakatarta ta kama. Amm Shehata ya haɗa wa kansa sanda mai tsawon mita uku, da icen tuƙin jirgin mahaifinsa da ƙugiyar kama manyan kifi. Kuma ya haddace ranakun nawwa, wato ruwan nan mai iska da teku ke aiko wa garin a lokutan da kowane masunci ya sani da suna. Kwana guda kafin kowace nawwa, ko da rana tana ƙwalle, zai hau baranda ya rufe tagoginsa. Shekara ashirin da shida ɗigo ɗaya bai taɓa katakon ba.

Sai ga shekarar 1977, aka yarda masu koyarwa su shiga gasa. Zaglul a lokacin saurayi ne mai ɗaure wa mambobi igiyar raket, yana kuma buga wa 'ya'yansu ƙwallo a hankali don su ji sun iya. Da aka sake shi, ya share kowa. Aka yi tafi, aka ce abin sha'awa. Shekara ta zagayo ya sake share su, tafin ya ragu. A ta uku ya kai wasan ƙarshe ba a ci shi ko zagaye ɗaya ba, kuma wanda zai kara da shi ranar Juma'a shi ne Medhat, ɗan shugaban kulob. Kowa ya ga inda kofin azurfa ya dosa: ɗaki ɗaya a unguwar Karmuz, inda mai ɗaure raket ya ajiye amaryarsa, 'yar mai sharar zaure.

Ranar Alhamis da la'asar sakatare ya zo ya ce shugaba yana so a buɗe tagogi warin man katako ya fita, a kuma kai sandar rufe su ofis. Amm Shehata ya ce, "Ranka ya daɗe, gobe nawwar Gitas ce." Aka ce masa ba hasashen yanayi aka ɗauke shi ba. Ya miƙa sanda, ya yi ta zarya tsakanin zaure da ƙofar ofis a kulle har aka kore shi gida. Da safe katako ya kumbura ya bankare, ruwa har idon sawu, sanda kuwa tana jingine a inda ya saba ajiye ta, kamar ba ta taɓa motsi ba. Aka ɗaga wasa, aka sallami Amm Shehata a gaban mutane. Shekara ta gaba aka ce ana gyara, ta gaba aka ce babu hali, daga nan ba wanda ya ƙara tambaya. Abin da kawai tsohon ya fita da shi sandarsa ce. Shekara uku ya yi a gida yana kallon bango, ba ya zuwa ko wurin shan shayi don kada a nuna shi, sannan ya rasu. Tun daga nan sandar take barandar Itimad, tana tokare igiyar shanya.

Kwana biyu da isowar takardar gayyatar, ranar Alhamis, Itimad ta sa baƙar rigarta ta fita kunya, ta tafi kulob. Aka nuna mata ofishin manaja, Ustaz Tamer, wani saurayi da aka ɗauko daga Alƙahira, mai gemu kamar da rula aka shata shi.

"Hajiya, wallahi na fahimce ki," ya ce, idonsa a kan waya. "Amma an riga an sassaƙa allon. Kuma ba ni na ƙirƙira ba, daga littafin zaman kwamiti na wancan lokacin muka kwafo."

"Wa ya rubuta littafin?"

"Sakatare mana."

"To, shi ya karɓi sandar. Ɓarawo ya rubuta yadda aka yi sata, kai kuma ka kai wa mai sassaƙa."

Ya yi 'yar dariya. "Kina da wata takarda? Shaida?"

"Mahaifina bai iya rubutu ba, ɗana. Shi ya sa suka zaɓe shi."

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Ku dai zo ranar Asabar, mun ajiye wa Kyaftin kujera a layi na uku." Ya miƙe don ta gane an gama. "Ni yanzu ma zauren zan leƙa, warin ruma ya yi yawa. Ranar biki za mu buɗe tagogin sama tun safe ya sha iska."

Itimad ta tsaya cak a bakin ƙofa. Zuciyarta ta ce ta yi shiru, amma jinin Shehata bai bar ta ba. "Asabar Gitas ce," ta ce.

"Wace ce Gitas?"

"Nawwa. Ruwa zai sauka."

Ya juyo mata da fuskar waya, ga hoton rana tana murmushi. "Ku mutanen Iskandariyya da camfin masunta! Rana ce tas har Litinin."

Ta dube shi sama da ƙasa. Ta faɗa, ta fita haƙƙinsa.

Asabar ta waye garau, sama shuɗiya kamar an wanke. Bayan azahar Itimad ta kwance igiyar shanya, ta goge sanda da tsumma, ta shafa wa ƙugiyar man girki.

"Ina za ki da wannan?" in ji Zaglul, yana fama da maɓallin kwat ɗin da ya ɗinka tun auren ɗansu Wa'il.

"An gayyaci zakaru. Ita ma zakara ce."

A tashar taragun gari mai kalar ɗorawa, kwandasta ya tare ƙofa. "Haba Hajiya! Kifi za ki kama ko yaƙi za ki?"

"Yaƙi. Matsa."

"Ai sai ki yankar mata tikiti, ta fi mijinki tsawo."

"Ta fi ubanka ma amfani. Kama can ka shigar min, kada ka bugi idon mutane."

Fasinjoji suka kwashe da dariya, aka kwantar da sanda a tsakiya, kowa ya ɗaga ƙafa. Wata tsohuwa mai kwandon kifin sardin ta leƙa taga wajen teku, ta shaƙi iska, ta ce, "Allah Ya sa kowa ya kwashe shanyarsa." Itimad ta ji daɗin maganar har cikin ranta.

Rabonta da zauren shekara arba'in. An share shi, an jera kujeru masu farar riga a kan katakon da aka lallaɓa aka gyara tun wancan lokaci don yara su riƙa motsa jiki. Ga kofin a kan tebur an goge shi yana walƙiya. Ga allon marmara an lulluɓe shi da jan ƙyalle. Can sama tagogi goma sha biyu a wangale, igiyoyinsu suna lilo. A layin farko Dakta Medhat yana zaune, ya tsufa ya ƙanƙance, hannu biyu a kan sandar dogarawa. Itimad ta jingine tata a bango kusa da matakalar baranda, ta zauna a layi na uku tana huci.

Aka yi ta jawabai. Aka yabi dillalan auduga, aka yabi Yorgo da gurɗewarsa, aka yabi marigayi shugaba, mahaifin Dakta, wai uba ne ga ma'aikata. Sunan Zaglul ya wuce cikin numfashi guda, tsakanin wani kanar da wani likitan haƙori. Ustaz Tamer ya ja jan ƙyalle, aka tafa, ya fara karanta allon da muryar 'yan rediyo. Yana cikin shekarun sittin haske ya dushe. Yana shiga na saba'in wata iska mai sanyi ta faɗo daga sama ta kwashe takardun da ke tebur.

Sannan Gitas ta iso, ba sallama. Ruwan bai sauko a miƙe ba, iskar teku ce ta kwaso shi ta watso ta tagogin nan kamar da bokiti. Matan layin farko suka yi ihu suna kare gashin da aka yini ana gyarawa. Lasifika ta yi ƙara ta mutu. Ustaz Tamer ya ruga yana jan igiyoyi, kowace ya ja sai tagar ta ƙara buɗewa.

"Yaya ake rufe su? Wa ya san yadda ake rufe su?"

Itimad ta tashi a nitse, ta ɗauki sandar, ta zo tsakiyar fili inda raga take a da, ta doka gindinta a katako.

"Da wannan ake rufewa," ta ce. Muryarta ta mai kiran yara daga bene na huɗu ce, ba ta bukatar lasifika. "Sandar mai sakaci ce. Ta wanda kuka rubuta a dutse. Ba mai taɓa ta sai an faɗi inda ta kwana waccan Alhamis ɗin, shekara arba'in da suka wuce. Dakta Medhat, kai nake tambaya!"

"Hajiya, don girman Allah," in ji Tamer, gemun rula yana ɗiga, "baƙi suna jiƙewa!"

"Su jiƙe. Ubana ya yi shekara uku yana jiƙewa a ɗaki ba wanda ya leƙo shi."

Dakta Medhat bai ɗago kai ba. Ruwa yana gangarowa ta sanƙonsa, shi kuma ya ƙura wa ƙasa ido. Itimad ta ga alamar a haka zai zauna har duniya ta tashi, kamar yadda ya zauna shekara arba'in.

Sai ta ji hannu a kan nata. Zaglul ne.

"Ba ni, Itimad."

"Kada ka soma, Abu Wa'il."

"Katakon yana jiƙewa."

"Jibi za a farfasa shi da gatari!"

"To, kafin jibin ai katako ne. Baba bai taɓa tsayawa yana kallo ruwa na zuba a kansa ba, ke ma kin sani."

Ta so ta riƙe, amma yatsunta suka saki da kansu. Ta tsaya hannu wayam a gaban jama'a, takaici kamar ya kashe ta. Makaminta guda ke nan, kuma mijinta ne ya karɓe.

Zaglul ya hau matakalar ƙarfen da gwiwoyinsa masu ciwo, taka ɗaya, hutu ɗaya. Bai fara da tagar kusa ba. Ya bi baranda har ƙarshe, ya fara daga gefen teku, yadda surukinsa yake yi, don a tare iska daga inda take shigowa. Ya ɗaga sanda, ƙugiya ta sami zobe, ya ja. Ƙas. Ya matsa gaba. Ƙas. Ihun mutane ya lafa, kowa ya ɗaga kai. Duk tsohon da ya taɓa wasa a zauren nan ya san wannan ƙarar, don da ita ake gane gobe akwai ruwa. Itimad ta ga leɓɓan Dakta Medhat suna motsi, yana ƙirgawa. Da ta goma sha biyu ta kama, zauren ya yi tsit, sai dukan ruwa a kan rufi.

Kafin Zaglul ya gama saukowa, Dakta ya yunƙura ya miƙe. Ya je tebur, ya rungumo kofin, ya kawo gabansa.

"Naka ne, Kyaftin. Tun tuni naka ne."

Wasu suka fara tafi, suna murna abin zai ƙare da daɗi. Zaglul ya dubi kofin, ya daɗe yana dubansa, sannan ya girgiza kai. "Sau biyu na ci, Dakta. Doka ta ce uku."

"Ajiye tasarka," in ji Itimad. "Ba ita na zo karɓa ba. Miya zan zuba a ciki? Ina sandar ta kwana?"

Dakta Medhat ya tsaya da kofi a ƙirji, ba wanda ya karɓe shi, ba kuma inda zai ajiye. Ya dubi allon marmara, ya dubi tsohon da ke haki riƙe da sanda, rigarsa sharkaf.

"A ofishin mahaifina," ya ce, da murya ƙasa-ƙasa. "A bayan kabad. Na gan ta da la'asar. Na tambaye shi, ya ce ba ruwana. Na san ba zan iya cin Zaglul ba, sai na yi shiru. Amm Shehata bai yi sakaci ba."

Na layin farko kaɗai suka ji. Na baya suka fara tambayar juna me ya ce.

"Ɗaga murya, Dakta," in ji Itimad. "Maƙabartar Amud da nisa, kuma ubana ya tsufa da nauyin kunne."

Dakta ya ja numfashi, ya juya ya fuskanci kujerun, ya sake faɗa tun daga farko, da ƙarfi, har masu raba lemo a bakin ƙofa suka ji. Ustaz Tamer ya sunkuya ya ɗauki jan ƙyallen daga cikin ruwa, ya matse, ya mayar a kan allon da hannunsa.

Itimad ta so ta ƙara wata magana, don ta tanadi da yawa a hanya. Amma hawaye suka riga ta. Ta lalubi kujera ta zauna, ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska, ta yi wa mahaifinta kukan da fushi ya hana ta yi ranar da aka fitar da shi. Zaglul ya jingine sandar a inda Amm Shehata ya saba ajiye ta, ya dawo ya zauna kusa da matarsa, suna jiran ruwa ya ɗauke.